Champ 5F1: Bitar Ƙaramar Amfilifayar da Ke Koya wa Kunne Aiki

Takardu biyu ne kacal. Ta farko zane ce ta hanyar da wuta da sauti suke bi, da alamomi irin waɗanda masu gyaran rediyo suka saba karantawa. Ta biyu kuwa hoton cikin akwatin ce, tana nuna inda kowane kaya zai zauna da inda kowace waya za ta ratsa. Kamfanin Fender da ke Fullerton, a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ya fitar da su a shekarun 1950, domin in amfilifayar jita mai suna Champ ta lalace, mai gyara ya san abin da zai tarar a ciki. An fi shekara sittin ke nan, amma har gobe duk wanda ya ƙudurta haɗa amfilifaya mai bawul da hannunsa, da wuya a ba shi wata shawara da ta wuce ya fara da waɗannan takardu. Ni dai ina ɗaukarsu aiki ne cikakke, wanda ya cancanci a zauna a yi bitarsa kamar yadda ake yi wa littafi.

Leo Fender, wanda aka haifa a 1909 ya rasu a 1991, bai iya kaɗa jita ba. Mai gyaran rediyo ne, ya buɗe shagonsa a Fullerton a 1938, kuma idon mai gyara ne ake gani a duk abin da ya ƙera: kaya kaɗan, masu sauƙin samu, a jere yadda hannu zai kai gare su ba tare da an wargaza komai ba. Kakar Champ ita ce Champion 800 ta 1948, sai Champion 600 a 1949, dukansu an yi su ne don ɗalibai, yaran da iyaye suka saya wa jitar koyo. Lambar 5F1 ma bayani ce: 5 na nufin shekarun 1950, F zubin da aka kai a gyare-gyare, 1 kuma lambar Champ a jerin kayan kamfanin. Wannan zubi ne aka yi ta ƙerawa daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1964.

Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba in dai yawa ake dubawa. Bawul uku ne, wato kwalaben gilashin nan da aka zuƙe iskar cikinsu, masu yin ja idan sun ɗauki zafi, irin waɗanda suke sa tsohuwar rediyo ta ɗan jima kafin ta fara magana. Akwai 12AX7 mai ɗaga sautin jita, akwai 6V6GT mai ba shi ƙarfin tura lasifika, akwai 5Y3GT mai mayar da wutar bango miƙaƙƙiyar wuta. Taransifoma biyu, lasifika ɗaya mai faɗin inci 8, ramin cusa wayar jita biyu, da maɓallin murɗawa guda ɗaya tak, wanda shi ne na kunnawa, shi ne na ƙara murya, an rubuta masa lambobi daga 1 zuwa 12. Ƙarfinta wat 5 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Akwatin na katakon fayin ne, an lulluɓe shi da wani yadi mai ruwan ƙasa-ƙasa irin na akwatunan tafiya na da.

Ƙarancin nan shi ne gwanintar aikin, kuma a kansa nake son tsayawa. A amfilifaya babba, sauti yakan ratsa matakai da yawa, kowane yana rufe aibin na gabansa, har mutum ya canja wani abu ya kasa jin bambanci. A 5F1 babu wurin ɓuya. Daga ramin jita zuwa lasifika, sauti yana bi ta rabin farko na 12AX7 (bawul ne mai ɓangare biyu), ya ƙetare kafasita ɗaya, ya bi ta maɓallin murya, ya shiga rabi na biyu, ya ƙetare wani kafasitan, ya faɗa 6V6, ya fita ta taransifoma. Shi ke nan. Don haka duk abin da ka taɓa, kunnenka zai ba ka labari nan take.

Tun daga bakin ƙofa ake ganin basirar. Kowane rami yana da resista mai om 68,000. In ka cusa waya a rami na farko, resistocin biyu suna haɗuwa su zama kamar om 34,000, su kuma haɗa kai da ɗabi'ar bawul ɗin kansa su tare siginar gidajen rediyo, don kada kana kaɗa jita ka ji ana karanta labarai a lasifikarka. In ka koma rami na biyu, resistocin nan dai su ne ke raba siginar biyu, su rage ta da rabi, saboda jita mai ƙarfin maganaɗisu. Kaya biyu, aiki biyu, ba tare da an ƙara ko makunni ɗaya ba.

Kowane rabi na 12AX7 an ba shi resista mai om 100,000 a farantinsa da mai om 1,500 a katod ɗinsa. Waɗannan lambobi sun zama kamar gado a sana'ar, za ka tarar da su a ɗaruruwan amfilifayoyin da suka biyo baya. A nan ne kuma mai haɗawa yake cin karo da zaɓinsa na farko. Zanen 5F1 bai nuna kafasita a gefen resistan katod na rabin farko ba, amma mutane da yawa suna sakawa. In ka saka mai maikurofarad 25, ƙarfin ɗagawar matakin yakan kusan ninkawa, daga kusan sau 30 zuwa kusan sau 60, kuma ƙarin ya shafi kowane sauti, mai kauri da siriri. Amfilifayar takan cika, ta yi saurin fara gurnani. Sai dai tsirkiya mafi kauri a jita tana girgiza sau 82 ne a daƙiƙa, kuma lasifikar inci 8 ba ta iya ɗaukar wannan nauyi in an ninka mata shi. Sautin sai ya kwaɓe, ya yi laɓo-laɓo. In kuwa ka saka ƙaramin kafasita, mai maikurofarad 1 ko 0.68, sautukan tsakiya da na sama ne kawai za su ƙaru, na ƙasa su zauna yadda suke. Jita sai ta yi magana fes, ta fito gaba. Kamfanin Marshall na Ingila ya yi suna da wannan dabara, da 0.68 a gefen resista mai om 2,700. Kaya ne na 'yan kuɗi kaɗan, dalma ɗigo biyu ke riƙe da shi, amma yana iya sauya halin amfilifaya gaba ɗaya, kuma babu inda na san ana jin wannan darasi sarai kamar a Champ.

Haka abin yake ga kafasitoci biyun da ke miƙa sauti daga mataki zuwa mataki, kowane mai maikurofarad 0.02. Aikinsu na farko tare babbar wuta ne don kada ta ƙetara inda ba a son ta, amma girmansu shi ke yanke yawan kaurin da zai wuce. Na biyun yana aiki ne da resista mai om 220,000 da ke bakin 6V6, kuma a lissafi yana barin duk abin da ya haura girgiza 36 a daƙiƙa ya wuce. Ka mayar da shi 0.01, iyakar ta tashi zuwa wajen 72, daf da tsirkiyar ƙasa. Ka sauko zuwa 0.0047, ta haura 150, sautin ya tsuke, gurnanin ya yi tsabta, amma jikinsa ya ragu. Wanda ke kaɗa jita mai siririyar murya irin Telecaster zai fi son a bar masa 0.02 ɗinsa. Mai jitar Les Paul, wadda dama kauri ya yi mata yawa, shi zai gode wa ƙarami.

Sai wayar da na fi ƙauna a zanen duka. Daga bakin lasifika an jawo waya ɗaya, ta bi ta resista mai om 22,000, ta koma katod ɗin rabi na biyu na 12AX7. Ɗan abin da ya fita ake maidowa baya a juye, don ya rage wa amfilifayar rawar kai. Linzami ne aka sa wa doki. Da shi, sautin yana da ladabi, yana daɗewa yana fita tas kafin ya fara kaushi, lasifika ma ba ta wuce gona da iri. Ka cire wayar, amfilifayar ta ƙara ƙara, ta fara gurnani da wuri, ta riƙa amsa ko ɗan shafar yatsa, amma ƙugi da shuu ɗin da ke ƙarƙashi su ma su taso. Masu haɗawa da yawa sukan sa makunni a nan, ko su ɗaga resistan zuwa om 47,000 don su tsaya a tsakiya. A nan ne kuma sabon hannu yakan firgita ranar farko: idan aka juya wayoyin taransifomar fita, abin da ake maidowa ba ya zuwa a juye, sai ya zo yana ƙara wa wuta mai, amfilifayar ta kurma ihu da zarar ta ɗauki zafi. Maganin bai wuce musanya wayoyi biyu ba.

Asalin muryar Champ yana wajen 6V6. Manyan amfilifayoyi suna amfani da bawul biyu ko huɗu masu karɓa-karɓa, wannan ya tura, wancan ya ja. Tsarin yana ba da ƙarfi, amma a matakin ƙarshe yana soke wani rukuni na 'ya'yan sautin da bawul ke haifarwa idan an matsa masa. A Champ bawul ɗaya ne ke ɗauke da aikin duka, kullum a kunne, don haka babu abin da ke sokewa. Ɗan sauti na biyu, wanda yake girgiza ninki biyu na asalin, yana fitowa a fili, kuma da yake shi da asalin murya ɗaya ce, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kunne yana jin sa a matsayin ɗumi da cika. Shi ya sa gurnanin Champ ba ya zuwa farat ɗaya. Tun maɓalli yana wajen 4 ko 5 ake jin gefen sautin ya fara laushi, yana ƙaruwa sannu a hankali, kuma makaɗi na iya komawa sauti mai tsabta ta hanyar sassauta hannu kawai.

Resista mai om 470 da ke katod ɗin 6V6 shi ke ƙayyade yawan wutar da ke ratsa bawul ɗin. Lissafinsa mai sauƙi ne, kuma zanen yana tilasta wa mai haɗawa ya koya. Ka auna da mita. In ka ga bolt 19 a kan resistan, ka raba da 470, ka samu kusan miliamf 40. In tsakanin faranti da katod akwai bolt 320, to bawul ɗin yana ƙona wajen wat 13, wanda ya kai ko ya ɗan haura iyakar da tsofaffin takardun 6V6 suka yanka. Wutar bangon Amurka a yau ta fi ta wancan zamani ƙarfi, saboda haka tsofaffin Champ da sababbin da aka kwaikwaya sukan yi zafi fiye da kima. Mai hankali yakan ɗaga resistan zuwa om 560 ko sama, ya kuma nisanta kafasitan da ke gefensa daga jikinsa, don zafin resistan yana busar da shi.

Akwai wata magana da ake yawan yi wadda ban yarda da ita ba. Ana cewa laushin Champ daga 5Y3 yake, wai in aka buga tsirkiya da ƙarfi wuta takan ɗan faɗi sannan ta farfaɗo. Wannan gaskiya ne a amfilifaya mai karɓa-karɓa irin Deluxe 5E3, inda wutar da ake ja take ƙaruwa da ƙarfin kiɗa. A Champ, bawul ɗin yana jan wuta kusan daidai ne ko ana kiɗa ko an yi shiru, don haka faɗuwar ba ta da yawa. Babban abin da 5Y3 yake yi a nan shi ne zubar da wasu gomman bolt, ya sauko da wutar zuwa inda 6V6 zai ji daɗi. Laushin yana fitowa ne daga 6V6 ɗin, da ƙaramar taransifomar fita, da lasifikar da ake tura wa abin da ya kusa fin ƙarfinta.

To, ina aikin ya gaza? Wuri na farko ba na wasa ba ne. Zanen asali yana da wayar wuta mai baki biyu, babu wayar ƙasa, sannan akwai kafasita mai maikurofarad 0.05 tsakanin wutar bango da jikin ƙarfen amfilifayar. Ranar da kafasitan nan ya mutu a haɗe, wutar bango tana kan ƙarfen, daga nan ta bi waya zuwa tsirkiyar da ke ƙarƙashin yatsun makaɗi. Haka ake yi a zamanin, ba Fender kaɗai ba, amma wanda ya kwafi wannan ɓangare a yau ya yi ganganci da ran mutane. A cire shi, a sa waya mai baki uku, a ɗaure ta ƙasan da kusa tata ita kaɗai a jikin ƙarfe, fis kuma ya zauna a kan waya mai wuta. Sannan ƙanƙantar akwatin kada ta ruɗi kowa. Cikinsa akwai wuta fiye da bolt 300, kuma manyan kafasitoci suna iya riƙe ta bayan an zare filogi. Ba a sa hannu sai an sauke ta ta resista an kuma tabbatar da mita. Takardun biyu ba su faɗi wannan ba, domin don ƙwararru aka yi su. Wanda bai taɓa aiki da babbar wuta ba ya nemi wanda ya iya ya tsaya a kansa.

Na biyu shi ne ƙugi. Tsarin bawul ɗaya, kamar yadda ba ya soke 'ya'yan sauti masu daɗi, haka ba ya soke dattin da ya rage a wuta. Zubin da ya gabata, 5E1, yana da naɗin waya na musamman mai tace wutar; a 5F1 an cire shi, aka bar resista mai om 10,000 da mai 22,000 da kafasitoci uku, mai 16 da 8 da 8. Araha ta samu, amma farantin 6V6 yana shan wutar da kafasita ɗaya kawai ta tace. Ga kuma wutar dumama bawul da aka bi da ita ta waya ɗaya, aka bar jikin ƙarfe ya zama hanyar dawowa. A ɗakin yaro mai koyo wannan ba komai ba ne. A gaban makirufo abin yana damuwa. Gyaran da na fi yarda da shi shi ne a ja wayoyin dumama guda biyu a murɗe su tare, a ba su tsakiya da resista biyu masu om 100, sannan a ƙara matakin tacewa guda kafin taransifomar fita. Cusa ƙaton kafasita a bakin 5Y3 hanya ce mai sauƙi, amma tana gajarta ran bawul ɗin.

Duk da haka makirufo ɗin ne ya ɗaukaka ta. Wat 5 ba abin rainawa ba ne: amfilifaya mai wat 50 ta fi ta da desibel 10 ne kawai, abin da kunne ke ji kamar ninki biyu. Bambancin shi ne ita Champ tana kaiwa ga zaƙin muryarta a ƙarar da ɗakin ɗaukar sauti zai iya jurewa. Eric Clapton ya yi amfani da ƙaramar Champ a 1970 lokacin da ƙungiyar Derek and the Dominos take ɗaukar kundin Layla a ɗakin Criteria da ke Miami, kuma wanda ya saurari faifan ba zai taɓa cewa daga akwatin da ake ɗauka da hannu ɗaya sautin ya fito ba. Masu busa hamonika ma sun riƙe ta hannu bibbiyu. Ana kuma tunawa da hannayen da suka haɗa na asalin: mata ne akasari, suna liƙa kaya a kan allo mai ƙananan zobban tagulla, wasu su rubuta sunansu a ɗan tef su manna a ciki. Masu tara tsofaffin kaya har yau suna murna in sun buɗe sun ga an rubuta Lupe.

Mai son haɗa ta a Kano ko Maraɗi yana da nasa lissafin. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 ce mai juyawa sau 60. Dole a nemi taransifomar da aka naɗa don irin wutarmu, domin wadda aka yi don 60 kaɗai takan yi zafi a kan 50. Hawa da saukar wuta, musamman ta janareta, kai tsaye suke shafar wutar dumama bawul, wadda ake so ta tsaya kusa da bolt 6.3, don haka sitabilaiza ba ado ba ce a nan. Bawul kuwa har yanzu ana ƙera su, a masana'antar JJ da ke Sulobakiya, da ta Saratov a Rasha, da wasu a Sin. Canja bawul ɗin farko ma hanya ce ta gyara murya ba tare da an taɓa dalma ba: 12AX7 yana da ƙarfin ɗagawa 100, 5751 yana da 70, 12AY7 kuma arba'in da 'yan kai, duk suna shiga rami ɗaya, kuma kowane saukowa yana ƙara wa maɓallin murya fili kafin gurnani ya fara.

Da za a tambaye ni ta ina za a fara, sai in ce a haɗa ta yadda zanen ya nuna, ban da gyaran tsaro da na ƙugi, a yi ta kaɗa ta har kunne ya haddace muryarta. Bayan nan a fara da lasifika, don babu abin da ke sauya sauti kamarta. 5F1 ɗin da aka jona wa lasifika mai inci 10 ko 12 a akwati mai faɗi takan fito da kaurin da ba a taɓa zaton tana da shi ba, muddin an dace da om 4 da taransifomarta ke nema. Sauran canje-canjen a yi su ɗaya bayan ɗaya, da jita ɗaya, a ɗaki ɗaya, ana rubuta abin da aka ji. Wanda ya sauya abu uku a zama guda, ko sautin ya yi daɗi bai san wanne zai gode wa ba.

A 1964 Fender ta sake wa Champ riga, ta koma baƙa, ta sa mata maɓallin kauri da na kaifi a zubin AA764. Amfilifaya ce mai kyau, ta fi tsabta, ta fi sauƙin sarrafawa. Amma maɓallan nan biyu ba kyauta suke aiki ba. Suna zaune ne tsakanin rabin farko da na biyu na 12AX7, suna cinye kaso mai yawa na siginar, musamman sautukan tsakiya, kafin ta isa gaba. Shi ya sa baƙar Champ take da sanyin murya da ƙyalli, ita kuwa 5F1 take da cikar tsakiya da saurin amsa hannu. Mai son rage kaifi a 5F1 sai ya koma ga maɓallan da ke jikin jitarsa da kuma wurin da yake bugun tsirkiya, kusa da gada ko kusa da wuya, kuma amfilifayar tana bayyana wannan bambanci fiye da ƙanwarta mai maɓalli uku.